Ƙwaryar Maƙwabci a Ruwan Karfasa

Shekarar da na haƙa kududdufin kiwon kifin karfasa a gefen gonata, kusa da kanal ɗin Bunkure, ban yarda da kowa ba. Zafin bazara ya tsananta, iska ta ɗauke, kifayen suka fara tasowa saman ruwa da safe suna hangame baki. Na ce lallai wani ya zuba musu maganin feshi.

Wata safiya na tarar da maƙwabcina, wani ɗan Filato mai noman tumatir, ya naɗe wando ya shiga ruwan. Yana ɗiba da ƙwarya yana watsawa sama, ruwan na faɗowa da kumfa. Raina ya ɓaci.

"Malam, me kake zuba min?"

Ya miƙo ƙwaryar, babu komai a ciki. Ya ce, "Maigida, ruwa ma numfashi yake. Ta samansa yake shan iska, ta nan yake fitar da gurɓatacciya. In ya kwanta cikin zafi, kifi shaƙewa yake. Na yi aiki a jirgin kamun kifi a kudu, teku ma sai igiyar ruwa ta fashe yake shan iska sosai."

Ni da ban taɓa ganin teku ba, yaya zan ƙaryata shi? Kafin hantsi kifayen sun koma ƙasa.

Na yi godiya. Amma mutum ya bar tumatirinsa ya jiƙe saboda kifin wani, haka kawai? Har yau in ya zo taya ni, sai na shinshina ƙwaryar tukuna.