Ƙafata Da Lokacin Mangwaro

Na haura shekara arba'in, ina da 'ya'ya har da mai aure, lokacin da na faɗo daga bishiyar mangwaro. Bishiyar tana bayan ɗakina a gidanmu na Madadi. A bazarar nan ta yi 'ya'ya sosai, na ƙasa duk yara sun kaɗe, sai nunannu can sama waɗanda jemagu ke ɓarnatarwa. Rannan da hantsi gidan ba kowa, gorar da nake zungura da ita ta kasa kaiwa. Na ɗaure zanina tam, na hau kamar yadda nake yi ina yarinya. Reshen ne ya ƙi ɗaukata.

Maigidana yana Kabo wurin aiki. Ƙanwarsa ce ta ji nishina daga waje ta shigo, da ta ga yadda ƙafar ta juye sai ta ruga ta kira mahaifinsu. Tunda aka kawo ni gidan nan, tsakanina da Baba gaisuwa ce kawai, ina durƙushe kaina a ƙasa. Ban taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba. Sai ga shi tsaye a kaina, ina kwance cikin ganye, ɗankwalina na reto a reshe. Ya dubi sama sau ɗaya, ya kawar da kai, ya fita neman mota.

A asibiti a Gwarzo muka tarar da layi har bakin ƙofa. Aka zaunar da ni a benci, na duba dama da hagu. Kusan duka yara ne maza, wani ya rungume hannu, wani an ɗaure masa ƙafa da kara da tsumma, iyayensu mata na ta yi musu faɗa ƙasa-ƙasa. Wata da ke kusa da ni ta yi mini sannu, ta ce nata ɗan tun jiya ya faɗo, sai da hannun ya kumbura ya faɗi gaskiya. Ta tambaye ni ko babur ne ya kaɗe ni. Na ja mayafi na rufe baki kamar zafi ne ya hana ni magana.

Nas ɗin da ke karɓar mutane dattijuwa ce, ta haɗa gumi, fanka kuma ba wuta. Ina jin ta tana gaya wa wani uba cewa ba ta buƙatar kallon gona ta san lokacin da ake ciki. Da damina masu santsi da waɗanda katanga ta rufta wa ake kawo musu, da kaka kuma masu sabon babur da waɗanda suka faɗo daga amalanke, amma idan mangwaro ya nuna, har simintin ɗori sai ya yi musu wuya. Ta ce tun safe ko ruwa ba ta sha ba.

Da aka zo kaina, ta duba ƙafar, ta ce, "Hajiya, garin yaya?"

Baba yana tsaye a bayana, ina jin numfashinsa. Na zuba wa ƙafata ido. Ƙanwar maigidana da ta rako mu ta sunkuyar da kai.

"Daga sama ta faɗo," in ji Baba. "Wajen tsayin katanga da rabi. A kan ƙafar ta dira."

Nas ɗin ta ɗago ta dube ni, ta miƙa hannu ta cire wani busasshen ganye daga gefen mayafina ta yar. Ba ta yi dariya ba. Ta ce a kai ni hoto. Da ta yi dariyar ma da ya fi mini sauƙi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ga mata tana fama da yaran da ba su san komai ba, ni da ya kamata in hana su na zo na ƙara mata aiki.

Ƙashin ya karye sama da idon sawu. Aka gyara, aka sa siminti har gwiwa. A hanyar komawa Baba yana gaba, hirar tsadar taki kawai suka yi da direba. Bai taɓa tayar da zancen ba, ko a lokacin ko daga baya. Kullum bayan sallar asuba yakan tsaya daga bakin ƙofata ya tambayi jiki, ni kuma in amsa daga ciki, ina godiya da labulen da ke tsakaninmu.

Ranar da za a cire simintin ruwa ya riga ya sauka, an yi shuka. Maigidana ne ya kai ni. Bencin nan cike yake da manya, wandunansu duk taɓo, an kuma shigo da wani magidanci a kan tabarma, ginin ƙasa ya danne masa cinya. Muka jira har bayan azahar. Wata yarinyar nas ce ta yanke mini simintin, ta ce in riƙa takawa a hankali, kada in ɗauki tulu tukuna.