Makullin Ɗakinki Yana Wurina, Inna

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, goma sha biyu ga watan Yuni, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran kakata, Inna Tabawa ta ƙauyen Barikin Tsauni, a wani asibiti a nan Jos. Ina kwance a gidanmu na unguwar Ali Kazaure da littafi a hannu na ji Umma ta saki salati a waya. Har yau ban koma shafin da na tsaya ba.

Inna, ni ce Salma. Kin san bakina ba ya buɗuwa a gaban mutane, shi ya sa na rubuta.

Duk hutun makaranta a ɗakinki nake yi. Bangon ɗakin nan ne ya fara koya mini mafarki. Idan hantsi ya shigo ta taga sai ya riƙa ƙyalli kamar an watsa masa taurari, ni kuma in jingina da shi ina karanta littattafan soyayya, ina ganin kaina a gidan da ake ba da labari. Kina tsinkar alayyafo ki ce, "'Yar boko, wannan saurayin na takarda zai zo ya taya mu ban ruwa, ko shi ma rago ne irinki?" Ba ki taɓa ƙwace littafin ba. Har kuɗin hayar littattafan kike sunna mini a ɓoye.

Sai bara na san abin da ke ƙyallin. Yashin da masu haƙar kuza suka bari ne. Da shi kakanmu ya shafe ɗakin, kamar yadda rabin ƙauyen suka yi, tun da kyauta ne kuma yana kama bango.

Ma'aikatan gwamnati suka zo suka ce an ware kuɗi don gyara ƙasar da haƙar kuza ta gurɓata, amma sai ƙauyen da na'urarsu ta nuna akwai cuta a ƙasarsa. Mutane suka taru suka yanke shawara a ce musu lafiya lau. Ban ga laifinsu ba, Inna. Kowa da ruwan tsohon ramin kuza yake noma kabeji da karas. Idan labari ya kai kasuwar Farin Gada cewa ƙasar ba ta da lafiya, wa zai sayi kayansu?

Ina bayan ƙofa ranar da kika fito kika tare ma'aikatan a hanya. Kika ce, "Ku zo ku gwada nawa. Na binne yara biyu daga ɗakin nan, ban san dalili ba. Idan akwai dalili, ina so in ji kafin in bi su." Na'urar ta fara ƙara tun daga bakin ƙofa.

Bayan haka kin ga abin da kika gani. Buhunan kabejinki suka dawo daga Farin Gada, dillali ya ce oga ya hana ɗauka. Waɗanda kika yi wa wankan jego suka daina amsa gaisuwarki. Mama Abigel maƙwabciyarki ce kaɗai ba ta sauya ba. Takan shigo da kwanon gwate ta ce da irin Hausarta, "Tabawa, ka ci abinci, ka bar su. Bakinsu zai gaji." Ke kuma ba ki fasa aika wa masu jin haushinki tsaba idan an yi musu haihuwa ba.

Likitoci ba su ce bangon ne ya kwantar da ke ba, ni ma ba zan faɗi abin da ban sani ba. Abin da na sani shi ne ma'aikatan za su dawo ranar Litinin su sake gwada ɗakin. Idan suka tabbatar, za a sa Barikin Tsauni cikin ƙauyukan da za a gyara. Idan suka tarar an kankare bangon, maganar ta mutu, yara su ci gaba da wasa a kan yashin.

A wurin addu'ar uku Kawu Uzairu ya tambaya, "Wai wa ya ga makullin ɗakin Inna? Ina so a gyara bangon nan kafin baƙi su zo." Ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Na san mutanen ƙauyen sun matsa masa, kuma gonarsa ita ce abincin 'ya'yansa.

Kawu, ka yi haƙuri, ga amsar da na kasa ba ka baki da baki. Makullin yana wurina. A asibiti Inna ta kwance shi daga gefen zanenta ta danƙa mini, ta ce, "Ke ce kika fi kowa son bangon nan. Ki nuna musu shi yadda yake." Ina roƙonka don girman Allah, kada ka sa a ɓalle kwaɗon.

Ina miƙa ta'aziyya ga Umma, da Kawu Uzairu, da Mama Abigel, da dukkan mutanen Barikin Tsauni, har da waɗanda suka yi fushi da ita, domin ta ce ta yafe. Allah Ya jiƙanki, Inna. Ya sa jinya ta zama kaffara, Ya haskaka kabarinki da hasken da ba ya cutarwa, Ya sada ki da yaranki biyu a Aljanna. Amin.

Ranar Litinin zan hau motar farko. Ina jin tsoro, Inna, ba zan ɓoye miki ba. Amma buɗe ƙofa ba ya bukatar magana.