Mutumin da Ke Kan Bencin Mai Faci

A layinsu kowa Mai Kari yake ce masa, saboda in ya goge maka wando, karin sai ya kai ka wurin aiki ya dawo da kai gida bai kwanta ba. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi: teburin guga da tsohon bargo a kai, dutsen guga na gawayi don ranar da aka ɗauke wuta, igiyoyin shanya a baya, da kantar katako inda yake jera kayan mutane. Ɗakin na yayansa ne. Shi ya ba shi makullin tun yana saurayi, kuma shi kaɗai ke da ikon karɓewa.

Bara mota ta kaɗe shi yana tsallaka titi da ƙunshin wanki a ka. Aka ɗinke kan a asibiti, gashi ya rufe tabon, jama'a suka ce ai ya warke sarai. Ina fa! In hayaniya ta yi yawa sai kansa ya ɗau zafi, in rana ta take dole ya tura ƙofa ya kwanta a ƙasa da jiƙaƙƙen tawul a goshi. Amma babbar masifar, wadda ban da likita matarsa kaɗai ya faɗa wa, ita ce fuska. Yana ganin ido, yana ganin hanci, yana ganin baki, amma su haɗu su zama wane, sun ƙi. Likita ya ce hakan na faruwa, kuma ba lallai abin ya dawo ba.

Sai ya nemo dabara. Duk wanda ya shigo, dariya zai yi ya ce, "A'a, manya, sai yanzu?" ya jira mutum ya buɗe baki. In muryar ba ta isa ba, sai ya dubi tufafi, don kusan kowace riga a layin ta bi ta hannunsa. Ya san mai yagaggen aljihun da aka ɗinke da baƙin zare, ya san mai wuyan rigar da zufa ta ci. Abokin gabarsa ɗaya ne, sabon ɗinki. Mutum ya shigo masa da sabon kaya yana shiru, to sai ya hau ƙirga kayan kanta da ido.

Duk wannan ɓoye-ɓoyen saboda Yaya ne. Tun a gadon asibiti ya ce masa, "Auta, ranar da na ga aikin nan ya fi ƙarfin kanka, zan karɓi makullina, ka zauna a gida mu riƙe ka." A riƙe shi! Kamar wani jariri. Suka yi sa-in-sa, Yaya ya daina kawo wankinsa, wai don ya rage masa wahala, shi kuma ya ɗauke ƙafa daga gidan Yaya. Yana tsoron ranar nan fiye da yadda yake tsoron ciwon.

To wata safiya ya ɗaga kai daga guga ya hangi wani mutum a tsallaken titi, zaune a bencin mai facin taya. Riga ruwan ƙasa sabuwa fil, sabuwar hula, ba babur ba keke balle a ce faci ya kawo. Idonsa kuwa ƙyam a ƙofar shagon. Washegari ga shi nan. Wanshekare ma haka, sai ya zauna har rana ta yi zafi, Mai Kari ya juya ɗebo gawayi, kafin ya waiwayo benci ya zama wayam.

Tun daga nan barci ya ƙaurace masa. Ɓarawo ne ya ji labari yana jiran ya zo ya ce a ba shi kayan wani? Ko ɗan leƙen asiri ne Yaya ya ajiye? Ya so ya tambayi mai faci, sai ya fasa, don in mutumin sananne ne a layin, tambayar kaɗai ta tona shi. Zargin ya bi shi har gida.

"Ke, wa kika faɗa wa?"

Matar ta ajiye ludayi. "Na faɗa wa me, Baban yara?"

"Kin sani. Ko ƙawar nan taki mai kitso, bakinta ba ya rufuwa."

"Wallahi ko uwata ban faɗa wa ba. Ni da nake maka gyaran murya tun daga zaure don kada ka ji kunya a gaban 'ya'yanka, ni za ka tuhuma?"

Kunya ta kama shi, amma zuciyarsa ba ta saki ba. Abin da ciwon nan ya yi masa ke nan, har rantsuwar matarsa sai ya juya ta ya duba bayanta.

Ranar da abin ya fashe, an ɗauke wuta, injin mai walda na maƙwabta yana ta ruri, kansa kamar ana daka. Bai ji shigowar kowa ba. Ya juyo da dutsen guga a hannu, sai ga riga ruwan ƙasa tsaye a gaban tebur.

"A'a, manya, sai yanzu?"

Mutumin bai ce uffan ba. Kallonsa kawai yake.

"Wane kaya ma ka kawo?"

Mutumin ya juya ido a hankali, ya dubi kanta, ya dubi ƙusar da makulli ke rataye, ya matsa taku ɗaya. Mai Kari ya dire dutsen ya yi wuf ya tare ƙusar da jikinsa.

"Malam, ban san ka ba! Kwana da kwanaki kana gadina kamar maye. In wancan mutumin ne ya turo ka, koma ka ce masa makullin nan sai dai a ƙwata. In kuma sata ce ta kawo ka, yanzu zan tara maka jama'a!"

"Auta."

Kalma ɗaya ta isa. Muryar da ta goye shi yana yaro ce.

"Auta, ni ne malam? Ni ne ba ka sani ba?" Yaya ya dafa tebur. "Zuwa na yi mu shirya. Na zauna can na ce bari ƙanina ya tsallako ya gaishe ni, tunda babba ba ya fara gaida ƙarami. Kullum sai ka kalle ni ido cikin ido ka kau da kai. Na ce lalle yaron nan ya yanke ni. Yau na shigo in ji daga bakinka."

Mai Kari ya so ya yi ƙarya, ya ce rana ce ta kashe masa ido. Ya duba fuskar, ya ƙura mata ido da duk ƙarfinsa, ko Allah zai sa ta dawo. Ba ta dawo ba.

"Yaya, ko yanzu ban gane fuskarka ba. Muryarka nake ji. Tun ranar motar nan ba na gane kowa, har 'ya'yana." Ya zare makullin daga ƙusa ya ɗora a kan bargo. "Ka ce ranar da ka gani. To ga shi ka gani."

Yaya ya daɗe yana kallon makullin.

"To duk watannin nan da me kake gane mutane?"

"Da kayansu. Wanda na taɓa wankewa na san shi."

"Kuma ba ka taɓa ba wani rigar wani ba?"

"Ko hankici."

Yaya ya goge ido da bayan hannu. Sai ya cire hular ya ajiye, ya tuɓe rigar nan ruwan ƙasa ta kansa, babban mutum mai furfura, ya tsaya daga shi sai singileti a shagon da ke bakin titi. Ya dunƙule rigar ya jefa a kan makullin.

"Wanke ta. Ka duba ta da kyau, ciki da bai. Gobe da ita zan zo, kuma wallahi in ba ka tsallako ka gaishe ni ba, sai na saɓa maka."