Yoyon Lagireto a Tashar Ƙaraye

A tashar Ƙaraye wani direba mai furfura yana tsaye gaban tsohuwar Fijo, yatsunsa duk tabon ƙuna. Lagireton motar ke yoyo. A kujerar baya matarsa ce kwance da tsohon ciki, tana cizon mayafi. Da alama asibitin Kano suka nufa, tun daga Rogo.

Bakanike ya ce sai an yi walda, aikin yini guda. Shi kuwa direban ina ya ga yini? Ya kwance ƙullin garin toshe yoyo da ya saya a tebur, yana zazzagawa da bismilla kamar mai ba jariri magani.

"Baba Maharazu, garin nan 'yar ɓula yake kamawa," in ji bakaniken. "Taka tsagewa ce. Ko rabin hanya ba za ta kai ba."

Maharazu ya tada inji. Ɗigon ya tsaya, can kuma ya dawo.

"Malam, ya toshe?" matar ta tambaya da ƙyar.

Ya take jiƙaƙƙiyar ƙasar da takalminsa. "Ya toshe, Laure."

Sai ya shiga cika jarkoki da ruwa.