Ƙwaron da Kakata Ta Sa a Taswira

Duk damina, idan na take ɗan baƙin ƙwaron nan mai tonon ƙasa, warinsa ya bugi hancina, sai kakata ta faɗo mini a rai. Kai wataƙila toshe hanci kake yi. Ni kuwa murmushi nake.

A farkon shekarun dubu biyu muna zaune a Azare, amma gonar gyaɗarta tana can wajen Udubo, jigawa ce mai laushin rairayi. Irin da take shukawa gadon uwarta ne, kuma matan unguwarmu a wurinta suke ɗibar nasu. Wata shekara da aka ɓare gyaɗar, sai ga ƙwayar duk ta yi tabo kamar zanzana. Kakata ta ce ƙwaro ne yake nutsewa cikin ƙasa yana tsotsar ta. Malamin gona ya buɗe wani littafi mai taswirar wuraren da ake samun ƙwari, ya ce ba a san wannan ƙwaro a ƙasar Katagum ba. Irin ne ya gaji, gara a zubar a sayi sabo.

Mata suka ɗauke ƙafa. Abin ya yi mata ciwo, kuma ita ba mai haɗiye magana ba ce. Da kawuna ya zo hutu, wanda ke aiki a ɗakin adana ƙwari na wata jami'a, ko ruwa bai gama sha ba ta tare shi.

"Wa ke zana taswirar nan taku?"

"Inna, duk inda aka kamo ƙwaro aka kawo mana, nan ake ɗiga alama."

"To daga nan wa ya taɓa kai muku?"

Kawu ya sosa ƙeya.

"Ashe ba ƙwaro ne babu ba," in ji ta, "mai kaiwa ne babu."

Da gyaɗa ta sake zuba 'ya'ya, ta ɗauki fartanya da rariyar tankaɗe muka tafi gona. Ta tona gindin gyaɗar, ta tankaɗe rairayin, sai ga su suna kiciniyar komawa ƙasa. Muka zuba su a kwalbar man shafawa. Da kawu ya dawo zai tafi da kwalbar, ya ce lalle a rubuta inda aka same su, ni kuwa don gwaninta na rangaɗa "Azare", tunda nan ne gida. Ba ta iya boko ba, amma ta ce in karanta mata.

"A Azare kika tono shi? Goge. Kada su zo nema a kasuwa su ce na yi ƙarya."

Na sake rubutawa: jigawa, kusa da Udubo, gindin gyaɗa.

Watanni suka shuɗe kafin kawu ya aiko da takardar da ta gaskata ta. Malamin gona ya zo har gida ya durƙusa ya gaishe ta, ya ba da shawara a hutar da gonar da gero. Ta bari ya gama tsaf, sannan ta cika masa leda da iri.

Bayan rasuwarta na ziyarci kawu a wurin aikinsa. Ya jawo wata durowa, ga ƙwarin an tsire su da allura, ga 'yar takardata da shaidar gogewar. Yanzu a waya ma ana duba taswirar, kuma yara ba su san yadda ɗigon ya hau ba. Ni na san da rariya aka sa shi. Irin nata kuwa, bana ma shi na shuka.