Ranar da na nome ciyawar jami'a

Na ci rabin filin da fartanya ke nan sai na ji ihu a bayana: "Kai ɗalibi! Me kake yi?"

Satina biyu a jami'a a Kano. Kullum na fito ɗakin kwananmu sai in ga ciyawa shar a ƙofa, ba mai taɓa ta. Ni kuwa ɗan Bakori ne, a gidanmu ciyawa ɗaya a kunyar masara abin faɗa ce. Ranar Asabar na aro fartanya.

Mai ihun dattijon da ke kula da furannin makaranta ne.

"Baba, taimako nake, ciyawa ta ci wurin."

"Wane taimako? Shuka ta muka yi! Wata uku ina ba ta ruwa!"

"Ciyawar?"

"Ciyawar! Ko ka mayar da ita, ko mu tafi ofis."

Wallahi yini na yi ina dasa ciyawa, ɗalibai na ɗaukata hoto.

Da na gaya wa mahaifina a waya, sai ya ce: "Ka ce su turo mota. Tamu ciyawar kyauta ce."

Ku da kuka zo birni karatu, wane ƙauyanci kuka fara tafkawa?