Shanyayyun Cinyoyin Yayana

Ko me zan manta a rayuwata, ba zan manta makon da na kusa rusa auren yayana da numfashi ɗaya ba. Numfashi fa, irin wanda mutum yake ja tsakanin kalma da kalma.

Lokacin ina karatu a Lyon, gidanmu kuma yana La Courneuve, a gefen Paris. A jami'a dole kowa ya zaɓi ƙarin yare guda. Ni na yi ta wasa da rajista har sauran azuzuwan suka cika, na je na tarar yaren Norway kawai ya rage. Na shiga. Da Yaya ya ji, dariya ya yi har da riƙe ciki. Daga ranar sunana ya koma Madam Kifi, wai Norway ba a san ta da komai ba sai kifi. Ko a gaban baƙi sai ya ce, "Auta, gaishe su da yaren kifi mana." Shekara biyu ina haɗiye wannan.

Sai Allah ya kawo ranata. Yaya yana aiki a shagon naman kawunmu a Château Rouge, can ya faɗa son wata yarinya mai zuwa sayayya. Uwarta 'yar Gambiya ce, ubanta Bature ɗan Norway da ya musulunta tun kafin a haife ta. Tsohon ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda bai gani da ido ba, zai zo Paris da kansa. Ba ya jin Faransanci, Ingilishin Yaya kuma gara a yi shiru.

Ina cikin bas talhona ya yi ƙara.

"Auta, ina wuni, ya karatu. Taimako nake so."

"Auta kake nema ko Madam Kifi?"

"Ke dai bari. So nake in tarbi Baba, uban yarinyar, da yarensu. In ce masa barka da zuwa, kuma ina da cinyar rago dominsa."

Wallahi ban shirya mugunta ba, ita ce ta zo ta zauna kusa da ni. Kun ga, 'yan Norway haɗa kalmomi suke yi kamar taragon jirgi. Lam ɗan rago ne, lår cinya ce, ana faɗinta "lor". Idan aka liƙa su sai su zama lammelår, cinyar rago. Gaɓa uku ce, lam-me-lår, amma da numfashi ɗaya ake fitar da ita, nauyin murya a kan gaɓar farko. Malamarmu ta ɓata darasi guda tana ja mana kunne a kan wannan, saboda lamme ita kaɗai wata kalma ce daban, ma'anarta shanyayyu. Duk wanda ya tsaya a tsakiya, ya danna lår, to shanyayyun cinyoyi ya ce.

"Ka ce yai har, wato ina da, sannan lamme," na ce masa, "sai ka tsaya. Ka numfasa. Sannan ka danna lor da ƙarfi."

"Me ya sa zan tsaya?"

"Ladabi ne a wurinsu. Ba a yi wa babba magana da gudu."

Ya ce dakor, wato ya yarda. Kwana uku yana kirana muna bita, ina jin ƙarar sara ƙashi a bayansa, Kawu yana tambaya ko addu'a yake haddacewa. Ya iya tsayawar nan har ya fi ni.

A lissafina, a kan tebur zai faɗa, nama yana gaban kowa, tsoho ya yi dariya, budurwa ta rufe fuska, ni kuma in huce. Abin da ban sani ba, Yaya ya samo lambar tsohon, ya kira shi saura mako guda ya zo, wai don ya burge shi, ko yarinyar bai gaya wa ba. A talho kuwa babu faranti. Sai muryar saurayi a natse, cikin ladabi, tana cewa barka da zuwa Paris, ina da shanyayyun cinyoyi. Da ya ji tsohon ya yi shiru, sai ya ɗauka bai ji ba ne, ya maimaita har sau uku.

Ranar Juma'a ya kira ni, muryarsa ba daɗi.

"Auta, Baba ya fasa zuwa. Wai ba ciwon ne ya dame shi ba, ɓoye masa da 'yarsa ta yi. Ita kuma tana ta kuka, wai wane ciwo nake ɓoye mata, dama ta sha jin ina cewa ƙafafuna suna tsami. Ni wane ciwo gare ni?"

Har yau ina jin kunyar faɗa, amma sai da na toshe bakina da gyale, dariya ta kusa shaƙe ni. Daga baya ta tsaya cak, don na ji yana jan hanci. Yayana da ban taɓa ganin hawayensa ba.

Da safe na hau jirgin ƙasa zuwa Paris. A falo na tarar da Inna, da Yaya, da yarinyar da idanunta a kumbure. Na tsaya na faɗi komai, har na rubuta musu kalmar a bayan ambulan, haɗe da kuma rabe. Yaya ya daɗe yana kallon ɗan filin da ke tsakanin lamme da lår.

"Wannan ɗan ramin ne kika jefa ni?"

Inna ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan zafi. Talho kawai ta miƙo mini. "Tunda bakinki ne ya ɓata, bakinki zai gyara."

Na kira tsohon, da guntun yarena na ɗaliba. Na ce Baba, ni ce ƙanwarsa, ni na koya masa, lafiyarsa ƙalau, nama yake nufi. Sai ya ce in faɗi kalmar yadda ya kamata. Na faɗa. Ya ce in faɗi ɗayar. Na faɗa. Sai da ya sa na yi sau biyar a gaban kowa, sannan ya ce wani abu ya fashe da dariya. Yarinyar ta juyo wurin Yaya tana share ido.

"Wai ita ma malamar taka duka biyun ba ta iya ba."

Tsohon ya zo ranar da aka tsara. Gininmu hawa biyar ne babu lif, Yaya ya sunkuci akwatuna biyu ya haye da su a guje, tsoho yana biye a hankali, idonsa a kan ƙafafun surukinsa. Kafin la'asar ya ba da 'yarsa. Sharaɗi ɗaya kawai ya kafa: duk maganar da Yaya zai yi masa nan gaba, kada ta biyo ta hannuna.

Abin da na koya, ba a raina ƙananan abubuwa, ko da tsayawar daƙiƙa guda ce a tsakiyar kalma. Kuma idan mutum ya zo wurinka don ya yarda da kai, kada ka ɗura masa wasa a baki. Zai ɗauke shi da zuciya ɗaya, ya kai shi inda ba ka nan balle ka ce wasa nake.